Hisabin Wutar Lantarki: Jagora ga Mai Gida da Mai Wayarin a Dutse

Duk wanda ya zaga unguwannin Dutse a 'yan shekarun nan, tun daga Garu inda fadar Sarki take har zuwa Takur da Gida Dubu da Danmasara, in ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje, zai ga farantan sola sun yawaita a kan kwano. A gefensu ga wayar kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a shekarar 2013, ta sauko daga falwaya. A bayan ɗaki kuma ga janareta a lulluɓe, yana jiran ranar da waɗancan biyun za su gaza. Gida ɗaya ke nan da mafarin wuta uku, amma duk da haka da wuya ka sami mai gidan da zai iya faɗa maka yawan wutar da dutsen gugarsa yake ja, ko ya bayyana maka dalilin da ya sa wayar da ta shekara tana ɗauke da fankoki da talabijin a wutar gari ba ta ko ɗumama ba, ita ce ta narke da aka haɗa ta da batir. Amsar waɗannan mas'aloli tana cikin wani ɗan hisabi da bai wuce ninkawa da rabawa ba, wanda duk ɗalibin da ya shiga babin rabon gado a zauren malaminsa ya riga ya warware waɗanda suka fi shi wuya nesa ba kusa ba.

Abubuwa uku ne asalin wannan ilmi. Na farko shi ne ƙarfin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt, alamarsa a jikin kaya V. Na biyu shi ne yawan wutar da ke gudana a cikin waya, ana auna shi da amfiya, alamarsa A. Na uku ita ce turjiya, wato tirjewar da waya ko na'ura take yi wa wutar kada ta wuce, ana auna ta da om, alamarta harafin Yunananci Ω. Wanda yake son ya ga surarsu a zuciyarsa, sai ya tuna da tankin da ake ɗorawa a kan hasumiyar ƙarfe kusa da rijiyar burtsatse: bisan tankin shi ne bolt, yawan ruwan da ke zuba a bakin famfo shi ne amfiya, matsin bututun kuwa shi ne om, in an ƙara wa tanki bisa ruwa ya ƙaru, in an matse bututu ya ragu. Iyakar misalin ke nan, domin ruwa yakan tsiyaye ƙasa in bututu ya fashe, wuta kuwa ba ta gudana sai ta sami hanyar komawa inda ta fito, shi ya sa kowace na'ura take da waya biyu, ta zuwa da ta dawowa. A riƙe wannan da kyau, don a kansa ne mafi yawan masu auna tsawon waya suke kuskure.

Wanda ya ɗaure waɗannan uku da ƙa'ida guda shi ne Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, wanda bayan ya daɗe yana gwada wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban, ya wallafa littafinsa a birnin Balin a shekarar 1827. Malaman ƙasarsu ba su karɓi maganarsa hannu biyu ba da farko, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambarta mafi daraja. Ga abin da ya tabbatar, a fuskoki uku:

bolt = amfiya × om
amfiya = bolt ÷ om
om = bolt ÷ amfiya

Ba ƙa'idoji uku ba ne, ƙa'ida ɗaya ce ake juyawa, ta yadda duk wanda ya san biyu daga cikin ukun zai fitar da na ukun da yake ɓoye. Wannan juyi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin shi ne aljabaru wanda Alhawarizmi ya tsara a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma ƙasar Hausa ita ma ta haifi gwanayen hisabi irin su Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741. Na faɗi haka ne saboda yaran shago da suke cewa lissafi na 'yan boko ne, su hannu kawai suka iya.

Abu na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato yawan wutar da na'ura take ci tana mayarwa zafi ko haske ko motsi, ana auna shi da wat, alamarsa W, don tunawa da James Watt mai injin tururi, kamar yadda bolt yake tuna Volta mutumin Italiya, amfiya kuma Ampère Bafaranshe. Ƙa'idarsa:

wat = bolt × amfiya

Idan aka aurar da wannan da ƙa'idar Ohm sai a haifi wasu biyu, waɗanda ta farkonsu ita ce ruhin wannan maƙala gaba ɗaya, kuma Joule Baturen Ingila ya tabbatar da ita da gwaji a wajen 1840:

wat = amfiya × amfiya × om
wat = bolt × bolt ÷ om

To, mu ɗauko dutsen guga mu juya shi. A ƙasansa ko a gefen mariƙinsa akwai ɗan rubutu da ba a cika kula da shi ba, a ce an rubuta 230V, 1000W. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Raba 1000 da 230, sai ka sami amfiya 4.35, shi ne abin da dutsen yake ja. Raba 230 da 4.35, sai ka sami om 53, ita ce turjiyar wayar da ke naɗe a cikinsa. Daga cikin waɗannan adadi huɗu, om 53 ne kaɗai mallakar dutsen gugar, shi ne halinsa da aka ƙera shi a kai; sauran ukun duk suna bin abin da layi ya kawo. Saboda haka in magariba ta yi, kowa ya kunna kayansa, mai walda na bakin titi bai tashi ba, taransfomar unguwa ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, har wuta ta sauko bolt 180, sai a sake hisabi: 180 a raba da 53 ya ba da amfiya 3.4, a ninka 3.4 da 180 ya ba da wat 612. Bolt ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, amma zafi ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar, shi ya sa mai wanki da guga yake ta danna shadda ba ta kwantawa, yana zargin dutsen da bai yi laifin komai ba. Haka kuma in janareta ya haukace ya kai bolt 260, dutsen nan zai ja amfiya 4.9, ya ci wat 1,275, fiye da abin da aka gina shi a kai da rubu'i da ɗoriya. Kayan da ba su kai shi juriya ba kuwa a nan suke ƙonewa.

Sai dai akwai tanbihi biyu da ya wajaba a yi kafin wani ya ɗauki ƙa'idar ya ɗora ta a kan kowane abu. Na farko, turjiya tana canjawa da zafi. Tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60, in ka bi hisabi, yana jan amfiya 0.26, turjiyarsa kusan om 880. Amma in ka kwance shi ka ɗora masa mita yana sanyi, abin da za ka gani bai kai om 100 ba, domin zaren sai ya yi jajir sannan turjiyarsa take hawa. Wannan ne sababin da ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni. Na biyu, duk abin da yake da mota a cikinsa, kamar firji da famfon burtsatse da injin markaɗe, ba ya bin halin dutsen guga. Shi dutse in wuta ta yi rauni sai ya rage ja. Mota kuwa, tun da nauyin da take juyawa bai ragu ba, sai ta ƙara jan amfiya don ta cike gurbin bolt ɗin da ya ɓace, naɗin wayarta ya yi zafi har ya ƙone. Don haka in ka ga fitila ta dushe, firji ne abin fara kashewa. Bugu da ƙari, a irin waɗannan kaya bolt sau amfiya ba ya ba da wat tsantsa, abin da yake bayarwa shi ne adadin da ake rubutawa VA ko kVA a jikin janareta da inbata, kuma bisa al'ada kashi 8 cikin 10 na wannan adadi ake ƙirgawa wat. Inbata mai 1kVA wat 800 ke nan. Mota kuma a lokacin tashi takan fizgi ninki uku zuwa shida na abin da take ja in ta daidaita, shi ya sa famfo mai ƙarfin doki ɗaya, alhali doki ɗaya wat 746 ne, yake durƙusar da janaretan da a takarda ya isa ya ɗauke shi.

Duk wannan hisabi ne daga rubutun jikin kaya, rubutu kuwa yakan yi ƙarya, musamman a kayan araha. Abin da ba ya ƙarya shi ne awo. Mitar hannu da masu gyara suke riƙewa tana da igiya biyu, baƙa da ja. Baƙar kullum tana ramin da aka rubuta COM. In bolt za ka auna, sai ka sa jar a ramin da ke da alamar V, ka murɗa maɓalli zuwa V mai lanƙwasasshen layi in wutar gari ce ko ta janareta, ko V mai miƙaƙƙen layi in ta batir ce ko ta sola, sannan ka taɓa bakin igiyoyin a wayoyin biyu, ɗaya nan ɗaya can. In om za ka auna, sharaɗinsa shi ne a zare na'urar daga wuta gaba ɗaya, domin mitar da ɗan batirinta take aunawa, wutar waje kuwa in ta same ta a wannan hali sai ta lalata ta. Amfiya ne mai wuyar sha'ani, saboda dole wutar ta bi ta cikin mitar: a raba waya ɗaya, a sa mitar a tsakani ta zama gada. Kuskuren da almajiran sana'a suka fi yi shi ne su bar jar igiya a ramin 10A bayan sun gama, sannan su cusa ta cikin soket da nufin duba bolt. A wannan rami turjiyar mita ba ta kai ko om ɗaya ba, to, raba 230 da abin da bai kai ɗaya ba ka ga amfiya nawa za su afka. Sai ka ji ƙara, tartsatsi ya tashi, bakin igiyar ya narke, in an yi sa'a fiyus ɗin ciki ne kawai ya tafi. A ra'ayina, wanda zai auna amfiya a wutar gari ya nemi mita mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙalawa a waya ba tare da an yanke ta ba. Amma waya ɗaya ake kamawa, domin in ka haɗa ta zuwa da ta dawowa a baki guda, kowace tana soke 'yar'uwarta, sai mitar ta nuna sifiri. Ita kuwa testa mai ɗan haske, abin da take faɗa maka kawai shi ne akwai wuta, ba ta san yawanta ba.

Daga nan sai soket. Filogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila an yi shi ne don amfiya 13, wanda in an ninka da 230 ya zama wat 2,990. Kayan da aka jona a soket ɗaya kuwa amfiyarsu haɗuwa take yi. Dutsen guga mai wat 1,000 da hitar ruwa mai 2,000 sun cika mudun har ya tumbatsa. In uwargida ta ƙara risho na lantarki mai 1,500, jimla 4,500 ke nan, amfiya 19.6 a hanyar da aka yi wa 13. Fiyus ɗin da ke cikin filogi an sa shi ne don ya mutu a madadin gida, wanda ya cire shi ya naɗa silin waya a gurbinsa kuwa ya kori mai gadi ne don yana tashinsa daga barci. Akasin haka, mai cajin waya a kasuwar Shuwarin da ya jera caja 40, kowace wat 10, duka-duka wat 400 yake ci, ƙasa da amfiya 2. Yawan filogi ba shi ne nauyi ba, abin da ke dafa ruwa ko ya gasa ƙarfe shi ne nauyi.

Yanzu mun iso inda na fi so mai karatu ya tsaya ya natsu, wato sha'anin batir mai bolt 12. A ƙaddara gida yana da fankar sama biyu, kowace wat 70, da ƙwan fitila na zamani shida, kowane wat 10, da talabijin mai wat 60. Jimla wat 260. A wutar gari, 260 a raba da 230, amfiya 1.13 ne kacal, abin da kowace siririyar waya za ta ɗauka tana dariya. Amma in inbata ce take ciyar da su, ita ma tana da nata rabon da take mayarwa zafi, a ce kashi 15 cikin 100, sai abin da take zuƙa daga batir ya zama kimanin wat 306. A raba wannan da 12, sai ga amfiya 25.5. Kaya ba su canja ba, fanka ba ta ƙara gudu ba, amma amfiya ta ninku fiye da sau 22, kuma tun da zafin da waya take haifarwa amfiya sau amfiya ne sau om, to, zafin ya ninku sau 22 sau 22, wato wajen sau 500. Wannan ita ce illar da take narkar da roba a tsakanin batir da inbata, kuma ita ce hujjar da ta sa wayar wannan wuri take zama gajera, mai kauri kamar ɗan yatsa, ko da kuwa sauran wayoyin gidan sirara ne.

Turjiyar waya ita ma ana fitar da ita da hisabi, ba da ƙiyasin ido ba. Jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin milimita murabba'i ɗaya yana da turjiyar om 0.0175. A ninka wannan da tsawon waya, zuwa da dawowa, a raba da kaurinta. Misali, farantai biyu suna kan rufi, kowane yana ba da amfiya 7.5 a kan bolt 18, an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun ba da amfiya 15 a kan bolt 18, wato wat 270. Ɗakin batir kuma yana nesa da su mita 10. Tsawon waya mita 20 ne, ba 10 ba. In an sa waya mai lamba 2.5, wato mai kaurin milimita murabba'i 2.5, turjiyarta 0.0175 sau 20 a raba da 2.5, wato om 0.14. Adadin ya yi kama da abin rainawa, amma ninka shi da amfiya 15 ka ga bolt 2.1 sun zube a hanya; ninka 15 sau 15 sau 0.14 ka ga wat 31.5, fiye da ushirin abin da farantan suka tara, sun tafi wajen ɗumama silin. In an sa mai lamba 6, asarar ta sauko wat 13. In mai lamba 10 ce, wat 7.9. Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan hikima: a jera farantan bi da bi, jan wannan a baƙin wancan, su ba da bolt 36 a kan amfiya 7.5, a jera batura biyu haka nan su zama bolt 24. Ƙarfin aiki yana nan wat 270, amma a cikin waccan waya mai lamba 2.5 asarar ta zama 7.5 sau 7.5 sau 0.14, wato wat 7.9 daidai wa daida. Ninka bolt sau biyu ya yi aikin ninka kaurin waya sau huɗu, jan ƙarfe kuwa kowa ya san tsadarsa. Saboda haka nake ganin duk gidan da nauyinsa ya doshi wat 1,000, barinsa a kan bolt 12 almubazzaranci ne, 24 ko 48 ya dace da shi.

Wannan hikima ce dai ta sa wutar da ake samarwa a Kainji da Jebba da Shiroro take tafiya a kan bolt 330,000 har tashar Kumbotso a Kano, daga nan a sauko da ita 132,000 zuwa Dutse, sannan 33,000 da 11,000, kafin taransfomar unguwa ta mayar da ita abin da gida zai iya sha. Wat miliyan ɗaya a kan bolt 230 amfiya fiye da 4,300 ne, wanda babu wayar da za a rataya a falwaya ta ɗauke shi. A kan bolt 33,000 kuwa, a hisabi mai sauƙi, amfiya 30 ne.

Abu biyu suna ɓata wannan lissafi a aikace, kuma dukansu sun shafi amana. Ɗaya shi ne algus a waya: kasuwa ta cika da wadda aka rubuta wa 2.5 alhali silin cikinta bai kai ba, da wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe. Alminiyom turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, don haka duk adadin zafin da muka fitar sai a ƙara masa wannan. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka san abin da aka sayar maka. Araha dai ba ta ado. Tauye kaurin waya da tauye mudu hukuncinsu a wurina ɗaya ne, sai dai na waya ya fi muni, domin mudu ciki yake cuta, waya kuwa rai. Na biyu shi ne sakwarkwataccen haɗi. Waya biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, ko ƙusar soket da ba a ɗaure ta tamau ba, takan haifar da turjiyar rabin om a wuri ɗaya. Amfiya 13 sau 13 sau rabi wat 84 ne da ɗoriya, ninki biyu na ƙarfen dalma mai wat 40 da mai gyaran rediyo yake narka dalma da shi, duk a tattare a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a cikin bango ko a saman silin. Alamarsa ita ce soket ya yi ɗumi a tafin hannu, gefen raminsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, ƙafar filogi ta yi baƙi, ɗaki ya riƙa warin roba. Bireka ba za ta faɗi a kan wannan ba, domin amfiya ba ta wuce ƙa'ida ba. A kashe layin a kwance a sake ɗaurewa, shi ne kawai magani. A tuna kuma cewa turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Dutse yake haura digiri 40 a inuwa, abin da ke ƙarƙashin kwano ya wuce haka sosai, don haka wayar da za ta bi ta silin a ƙara mata kauri.

Hisabin kwanan batir da na kuɗin wuta duk daga wat suke fitowa, da ƙarin lokaci. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana ɗauke da 12 sau 200, wato wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Amma in na dalma ne, mai ruwa ko busasshe, rabin wannan ne halal ɗinka in kana son ya yi tsawon rai. Raba 1,200 da wat 306 na gidan da muka ambata, sai ka sami awa huɗu ba kaɗan. Duk wanda ya yi maka alkawarin kwana da fanka biyu a kan wannan batir guda, to, ran batirin yake sayar maka. Yunit ɗin da mitar kati take cirewa kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fanka mai wat 70, awa 10 kullum, kwana 30, yunit 21 ne. Hita mai wat 2,000, rabin awa kullum, yunit 30. A farashin naira 225 kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, fankar ta ci naira 4,725, hitar 6,750. Kowa sai ya duba rasiɗinsa ya sa farashin rukuninsa.

Ga masu ƙananan gyare-gyare, ga wata mas'ala da take zuwa musu kullum. Ana son a kunna ɗan ƙwan nuni ja a kan batir mai bolt 12, alhali shi bolt 2 yake buƙata da amfiya 0.02. Ragowar bolt 10 dole a sami abin da zai shanye su: 10 a raba da 0.02, om 500. Ɗan abin turjiyar da ake samu a kasuwa sama da haka kaɗan shi ne mai om 560, mai zobba kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Zafin da zai ɗauka bolt 10 sau 0.02, wato wat 0.2, mai rubu'in wat zai yi da ƙyar, mai rabin wat ya fi kwanciyar hankali.

Jikin ɗan Adam ma yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida, ba a ware shi ba. Busasshiyar fata turjiyarta takan kai dubban om masu yawa, amma hannun da ya fito daga alwala, da ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, sukan saukar da ita wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, amfiya 0.23 ke nan; bireka mai kare rai, wadda take faɗuwa in wuta ta zurare ta jikin mutum, an saita ta ne a kan amfiya 0.03, domin abin da ya haura haka yana iya rikita bugun zuciya. Ninki bakwai da ɗoriya ke nan. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma in sifana ta faɗa a kan kawunansa biyu, turjiya ta koma kusan babu, ɗaruruwan amfiya suke bi ta cikinta nan take har ta yi ja. Saboda haka fiyus a kusa da kan batir wajibi ne, a kuma cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sa hannu. Gidan da yake da mafarin wuta uku kuwa, kashe ɗaya bai isa ba: a sauke na KEDCO, a kashe inbata, a tabbata janareta a kashe yake, sannan a auna da mita a ga sifiri kafin a taɓa.

Kirana ga iyayen sana'a a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun shi ne, kada su yaye yaro don ya iya fasa bango da jan waya kawai, sai ya iya zama da takarda da alƙalami ya fitar da amfiya daga wat, ya fitar da om daga tsawo da kauri. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha kuma su taimaka wa 'yan'uwansu na shago da abin da suka karanta. Kai kuma mai gida, kafin ka ƙirga kuɗin waya da batir, ka nemi mai aikin ya rubuta maka abu huɗu a takarda: jimlar wat ɗin kayanka, amfiyar da za ta bi kowace waya, kaurin wayar da ya zaɓa, da girman fiyus ko birekar da zai sa mata. In ya rubuta, ka bi lissafin da kanka da ƙa'idojin nan. In ya kasa, ka sallame shi da mutunci ka nemi wani.